Idan Likita Ya Tafi Mina, Wa Zai Rubuta wa Mijina Magani?

Zuwa ga
Mai Girma Dakta, Shugaban Mustausaf ɗin Taimako na yankinmu,
Kudai, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina yi maka barka da Salla. Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana.

Ni ce Ummu Yasir, matar Abu Yasir mai tura arabiyya a Harami, wato keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi ɗawafi da sa'ayi da su. A Misfala aka haife ni, a nan aka haifi mijina, kuma lungunmu ɗaya da gidan mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Na san yanzu Larabci ya fi zama a bakinka, shi ya sa 'yata Amira ta juya wasiƙar nan zuwa Larabci aka kai ofishinka. Amma da Hausa na fara rubuta ta. Da Hausa Hajiya, mahaifiyar taka, take yi maka faɗa kana ji, sannan ina so matan unguwarmu su karanta, domin akwai laifina a ciki da ba na so wata ta maimaita. Sau uku na zo ganinka, duk ukun aka ce mini kana taro. Ban ce ƙarya aka yi mini ba, amma taron ya yi yawa, ga shi watan Shawwal yana tafiya. Da izinin maigidana na kawo maganar fili.

Abin da nake nema ɗaya ne. A horar da ma'aikatan jinya na mustausaf ɗinku, wato wannan ƙaramin asibiti, a nema musu izini, yadda za su iya rubuta maganin da ke raba mutum da ƙwaya idan likita ba ya nan. Ga dalilina.

Na ɗaya: yadda abin ya shigo gidana.

Ka san al'adarmu a Misfala. Idan alhazai za su koma gida, kaya sun yi musu yawa, ga dabino ga tsarabar jikoki, ga ma'auni yana jiransu a filin jirgi, sai su sauke duk abin da suka gama da shi a gidan da suka saba. Garin kunu, yaji, kuka, bokiti, sabulu, har da ragowar magani. Ni da nake sayar musu da tuwo da masa duk lokacin Hajji, ban taɓa rasa rabona ba. Ina da wani babban gwangwanin biskit a saman firji, a ciki nake tara magungunan da ake bar mini. Lungu duk an san gwangwanin nan. Mai mura ya aiko, mai ciwon ciki ya aiko, in tona in ba shi. Ni da ban taɓa leƙa ajin likitoci ba, na zama kantin magani, har ina jin daɗi ana sa mini albarka.

Kusan shekara huɗu ke nan, wata dattijuwa ta zo daga Katsina, an yi mata aiki a ƙugu kafin ta taso. Abu Yasir ne ya tura ta har ta kammala ibadarta. Ranar da za ta tafi ta miƙo mini leda, ta ce maganin ciwon ƙashi ne, likitanta ya ba ta, mai kyau ne ƙwarai. Baiwar Allah da alheri ta yi nufi, kuma har yau ban riƙe ta a zuciya ba. A lokacin bayan mijina ya riga ya tashi aiki. Shekara ashirin da ɗoriya yana tura mutane, zagaye bakwai, sannan Safa da Marwa sau bakwai, ya sauke wannan ya ɗauki wancan, wani ma nauyin buhu biyu. Yakan dawo ba ya iya sunkuyawa ya cire takalminsa, salla ma a kan kujera yake yi. Da hannuna na ɓallo ƙwaya ɗaya na ba shi, na miƙa masa ruwa. Washegari ya tashi garau, ya tura mutum biyar, ya dawo yana tsokanata. Ni kuwa na yi ta yi wa Hajiyar Katsina addu'ar Aljanna.

Kafin ledar ta ƙare, ɗaya ta daina yi masa sai biyu. Da ta ƙare, ya nemo masu sayarwa da kansa. Shekara biyu da rabi muka yi a haka. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya koma yin faɗa a kan gishirin miya. Sai ya yi gyangyaɗi a gaban abinci da loma a hannu. Yasir ya daina zama inda ubansa yake, Amira ta daina kawo ƙawaye gida. Ni kuma ina ta rufin asiri, duk wanda ya tambaya in ce gajiyar Harami ce. Kullum na ɗaga kai na ga gwangwanin nan sai zuciyata ta yi baƙi, domin na san wanda ya fara miƙa masa.

Na biyu: alherin da mustausaf ɗinku ya yi mana.

Ba zan zama butulu ba. Hawan jini ne ya kawo ni wurinku, ba maganar mijina ba. Sista Bilkisu, ma'aikaciyar jinyar da ta fi kowa daɗewa a wurin, ita ta gwada ni. Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce mini da Hausa: "Yaya, wannan jinin ba na gishiri ba ne, me ke cin ki?" Sai kawai na fashe da kuka a gabanta. Ta rufe ƙofa ta saurare ni har na gama, ta ce in kawo shi, babu wanda zai kira shi ɗan ƙwaya a ɗakinta. Wata biyu ina lallashinsa kafin ya yarda.

A watan Rajab na bara muka zo. Aka haɗa mu da likitan da ke zuwa duk ranar Talata, shi kaɗai ke da izinin rubuta irin wannan magani a wurinku. Ƙwaya ce ƙarama da ake sawa ƙarƙashin harshe, tana kashe wa mutum wannan muguwar ƙishirwar ba tare da ta bugar da shi ba. Na mako ɗaya kawai ake rubutawa, saboda tsaro, kuma ban ga laifin hakan ba. Duk Talata mu zo, Sista ta gwada shi ta yi masa tambayoyi, likita ya sa hannu a wasfa, wato takardar magani, mu karɓa mu tafi.

Ranka ya daɗe, mijina ya dawo mini. Ya yi azumin bara cif, bai sha ko ɗaya ba. Kumatunsa suka ciko. Ya rage yawan mutanen da yake turawa, ya sa ɗamarar baya kamar yadda Sista ta ce. Ranar Sallar azumi shi da Yasir suka tafi Harami tare, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayansu har suka sha kwana. Wata biyar muka yi cikin wannan rahama.

Na uku: abin da ya faru a Hajjin bara.

Talatar ƙarshe ta Zulƙida muka zo kamar kullum, maganinsa ya ƙare a safiyar. Sai muka tarar da takarda manne a ƙofar likita, an tura shi aikin alhazai a Mina da Muzdalifa, zai dawo bayan Hajji. Babu wanda ya faɗa mana a Talatar da ta wuce. Sista ta ce ita ma da safen ta gani. Mutum wajen tara ne a kan bencin, duk masu zuwan Talata, kowa ya tsaya yana kallon takarda.

Ina so ka gane ni da kyau. Ban ga laifin likita ba, baƙin Allah ya tafi yi wa hidima, kuma ni ma abincina daga hidimarsu yake. Amma duk Makka babu wanda bai san ana kwashe likitoci a kai su wuraren ibada idan lokaci ya yi ba. Ba ruwan sama ba ne da zai zo ba sanarwa. Kowace shekara a lokacin Hajji ake yi. Kuma a watan nan ne masu tura arabiyya da 'yan dako suka fi shan wahala, bayansu ya fi ciwo, masu sayar da ƙwaya suka fi yawo a kusa da su. A daidai wannan lokaci aka bar mutum tara babu mai sa musu hannu.

Maganin yana nan cikin mustausaf, a kulle a kabad, bango ɗaya ne tsakaninsa da mijina. Sista ta san sunansa, ta san adadin da ake ba shi, ita ke rubuta shi a fayil duk mako. Amma ba ta da iko. Ta kira likita har sau nawa, da ƙyar ta same shi, ya ce daga inda yake babu yadda zai yi. Ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. Da ƙafa muka yi rabin tafiyar daga Kudai, hanyoyi a toshe, motoci duk na alhazai. Can aka ba mu ranar ganin likita a watan Muharram. Muka shiga sashen gaggawa, ya cika maƙil da alhazan da rana ta buga. Wani likita da gajiya ta gama cinyewa ya sa masa ruwa leda ɗaya, ya ce irin wannan magani ba a nan ake rubuta shi ba.

Kwana huɗu mijina ya yi yana dauriya. Ban sani ba ko ka taɓa ganin wannan hali a cikin gida, ba a kan gadon asibiti ba. Gumi yana karyo masa yana kuma rawar sanyi, a zafin Makka. Hanci yana zuba, ido yana zuba, ciki ya ɓare, ƙafafu ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ya ce mini ji yake kamar ana tauna ƙasusuwansa. Ya yi alwala ya fi a ƙirga. Ya ce in kulle ƙofa in ɓoye makulli, na kulle. Na dafa masa duk abin da na sani, na shafa masa man zaitun, na yi masa tofi. Kullum da safe ina kiran Sista, tana faɗa mini abin da zan ba shi na amai da gudawa, iyakar abin da take da iko ke nan.

Rana ta biyar ya ce ya ji sauƙi, zai leƙa Harami ko ya sami mutum ɗaya ya tura. Na buɗe masa. Bayan azahar ya dawo a natse, babu gumi babu rawa, ya zauna ya cinye tuwo malmala biyu, har ya yaba miya. Tunda nake ban taɓa baƙin cikin ganin mijina yana cin abinci ba sai ranar. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska, domin na san abin da ya kawo wannan sauƙin.

Ranar Arfa, ka san yadda Misfala take zama, tsit, kowa ya fita. Ina azumi, bayan la'asar na ɗora mai zan soya abin buɗa-baki, sai na jiyo wani irin minshari daga falo wanda ban taɓa ji ba. Na tarar da shi a ƙasa, leɓensa ya yi baƙi, numfashi ɗaya sai a jima kafin wani ya zo. Na jijjiga shi, na watsa masa ruwa, ko motsi. Amira ta kira motar asibiti, aka ce ba za ta shiga lungunmu ba, mu fito da shi titi. Babu namiji ko ɗaya a kusa, Yasir yana aiki a Mina. Ni da Amira muka cicciɓe shi muka ɗora a kan arabiyyarsa, na tura shi da gudu har bakin titi, kansa yana lilo, takalmina ƙafa ɗaya. Likitan da ya karɓe shi ya ce in gode wa Allah da ban tsaya sauke mai daga wuta ba. Daga baya Sista ta yi mini bayani cewa jikin da ya yi watanni a tsarkake ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da, shi ya sa komawa ta fi farawa haɗari.

Kwanansa uku a asibiti, Allah ya yi da sauran kwana. Amma da likitanku ya dawo muka koma benci, ba mu cika tara ba. Wasu ban sake ganinsu ba har yau. Ɗaya kuwa, wani ɗan dako mai yawan barkwanci da ke zama kusa da mijina, an yi masa sallar jana'iza a Harami a cikin waɗancan kwanaki. Ban ce ga abin da ya kashe shi ba, domin ban gani ba. Na dai san shi ma ya karanta takardar nan a ƙofa.

Na huɗu: me ya sa na ce Sista.

Likita minti biyar yake ganin mijina. Mutumin kirki ne, amma ba ya jin Hausa, mijina kuma idan kunya ta kama shi Larabcinsa guduwa yake yi. Abin da likita ke yi shi ne ya juya ya tambayi Sista yaya makon ya kasance, ta faɗa masa, ya rubuta. Na zauna na ga haka Talata bayan Talata. Ita ta san lokacin da bayansa ya motsa, ita ta san lokacin da muka yi faɗa a gida.

Na san abin da za a ce. Za a ce maganin nan shi ma ɗan'uwan ƙwaya ne, idan aka sake hannu zai ɓalle ya shiga kasuwa. Za a ce masu wannan ciwo sun iya ƙarya da daɗin baki, za su yaudari ma'aikaciyar jinya. Gaskiya ne sun iya ƙarya, ni na zauna da ɗaya. Amma a farkon jinyarsa, ranar da mijina ya zo da wani labari mai tsawo cewa maganinsa ya faɗa ruwa a ƙara masa, likita har ya ɗauki biro. Sista ce ta dubi ƙwayar idonsa ta ce: "Abu Yasir, halas, ya isa, ni da kai ba ma haka." Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. To wa ya fi wuyar yaudara a cikin su biyun?

Ban ce a miƙa wa kowace mai farin kaya biro ba. Ni na san illar mai ba da magani ba da ilimi ba, ni ce ita. Shi ya sa na ce horo. Sista ta taɓa faɗa mini cewa a wasu ƙasashe ana koyar da ma'aikatan jinya wannan aiki, su ci jarrabawa, a ba su izini, likita yana duba bayansu. Ban je na gani ba. Amma idan mace ta yi shekaru tana wannan aiki a gaban idonku, ban ga abin da zai hana ta koyi sauran ba.

Na kuma san doka ba a aljihunka take ba. Akwai na sama da kai, su ma akwai na sama da su. Amma taron nan da kake yawan shiga, da su kake yi. Bakinka yana kaiwa inda nawa ba zai taɓa kaiwa ba.

Na biyar: abin da nake roƙo.

Ina roƙo ka zaɓi ma'aikatan jinya ko biyu ne, masu daɗewa da amana, ka tura su horo a kan jinyar masu wannan ciwo. Ka rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, da sunanka da hatiminka, ka nemi a ba su izinin sabunta magani ga wanda likita ya riga ya ɗora a kai. Idan ana son shaida, ga ni ga mijina, za mu zo mu tsaya a gaban kowa.

Na san wannan ba zai kammala kafin Hajjin bana ba. Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar waɗanda za su tafi Mina, ka tabbata an bar mai rubuta wasfa, ko aron wani likita za a yi, ko yini ɗaya ne a mako. A kuma faɗa wa masu zuwan Talata tun yanzu abin da aka shirya musu, baki da baki, ba takarda a ƙofa ba.

Sannan a ajiye akwati a mustausaf inda za mu riƙa kawo ragowar maganin da alhazai ke bari. Ku kuma matan Misfala da Kudai, na roƙe ku don Allah, ku karɓi yaji ku karɓi kuka, amma ledar magani ku ce an gode.

Saura magana ɗaya, ranka ya daɗe, kuma ita maigidana bai san zan faɗa ba. Tun Muharram ya koma kan maganinsa, bai yi fashin Talata ko ɗaya ba. Amma makonni biyun nan na ga gumi ya fara dawo masa, yana yawan hamma, yana murza gwiwa. Ranar Juma'a da hantsi na shiga ɗaki na same shi zaune a bakin gado da reza, yana raba ƙwayar nan biyu. Rabi ya sa ƙarƙashin harshe, rabi ya ƙunshe a takarda ya tura cikin aljihun tsohuwar rigarsa. Na ƙirga ƙunshi goma sha uku. Na tambaye shi mene ne wannan, ya ce: "Ina tara wa lokacin da likita zai tafi. Ba zan sake bari ki tura ni ba."

Na san abin da yake yi ya saɓa wa ƙa'idarku, kuma haɗari ne a gare shi. Na san za a iya cewa ya karya sharaɗi a sallame shi. Na kwana biyu ina juya maganar, na ga gara ku ji daga bakina. Idan hukunci za a yi, a tuna tsoro ne ya sa shi, kuma ba shi ya manna takardar bara ba. Talata mai zuwa zan kawo shi da ƙunshin nan duka in ajiye a gaban Sista. Zai ji haushina, na sani. Abin da ban sani ba shi ne me zan ce masa idan na karɓe abin da ya tara, ya tambaye ni wa zai rubuta masa a Zulhajji. Wannan amsar nake jira daga gare ka kafin Talata.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a kan amanar da ya ɗora maka, ya sa aikinka ya zama haske a kabarin Hajiya. Allah ya raba zuriyarka da wannan ciwo, ya ba masu fama da shi lafiya.

Wassalam.

Taka a kullum,
Ummu Yasir,
Misfala, Makka.